Idan Tsohuwar Mota Ta Fara Lilo: Yadda Ake Gano Ciwon da Haɗa Sifirin da Shokozoba

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota a Legas ya san ranar da za ta fara lilo tana nan tafe. Ga ramuka, ga tudun rage gudu a kowane layi, ga ruwan damina da ke kwana a titi, ga kuma lodi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganin abin. Mutum ya shiga gareji ya ce mota tana tsalle, kafin ya rufe baki an ce shokozoba ce, an tura yaro kasuwa. A ɗaura, a biya, bayan 'yan watanni mota ta koma gidan jiya. Ba ƙarya aka yi masa ba, shokozobar ta mutu ɗin. Sai dai ba wanda ya tambayi abin da ya kashe ta, kuma sau da yawa amsar tana jikin sifirin, wanda ko kallonsa ba a yi ba.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta daga ƙasa. Shokozoba ba ta da wannan aikin. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, ana tura man ta cikin ƙofofin nan da ƙyar, ƙarfin motsin ya koma zafi ya baje. Sifirin doki ne, shokozoba linzami. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna ƙarfin linzamin daidai da dokin, don haka in ɗaya ya canza, ko don tsufa ko don an sa wani daban, dole ɗayan ya sha wahala. Shi ya sa tsarin da nake bi kullum yake farawa daga taya, ya bi ta sifirin, shokozoba ta zo daga ƙarshe.

Ka fara da sanin wane irin motsi ne

Kalmar "tsalle" ta haɗe cututtuka huɗu, kowace da maganinta. Akwai lilo: ka wuce tudu ko gaɓar gada, mota ta ci gaba da hawa da sauka sau biyu, sau uku, kafin ta natsu. Ka taka birki gabanta ya duƙa sosai, ka sha kwana ta kwanta gefe. Wannan alamar shokozoba ce da ta rasa ƙarfi, ko sifirin da ya fi ƙarfinta. Akwai duka: kowane ɗan tsakuwa sai ka ji shi a ƙugunka, mota tana ƙananan tsalle masu sauri. Wannan yawanci iska ce ta yi yawa a taya, ko shokozoba ta cije, ko an sa sifirin mai tauri. Akwai dira: mota ta faɗa rami ka ji "dum" daga ƙasa, musamman in akwai mutane a baya, wato sifirin ya zauna, tafiyarsa ta ƙare. Na huɗu shi ne girgiza da ke zuwa a wani gudu na musamman, sitiyari yana rawa a hannu. Wannan na taya ne ko rim da ya lanƙwashe, ka kai a yi masa balansin, ka bar shokozoba ta huta.

In za ka gwada, kada ka yi a cikin gosulo. Nemi safiyar Lahadi ka hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, gaɓoɓinta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe gudu ɗaya, ka kashe rediyo, ka lura da abin da mota ke yi bayan kowace gaɓa: ta natsu nan take, ko tana ci gaba da rausaya? Gaba ne ko baya? Daga nan ka shiga wani layi mai gargada a hankali, gilashi a sauke, ka saurari ƙara.

Taya kafin komai

Yawancin tsofaffin ƙananan motoci suna son iska tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci. Ainihin adadin motarka yana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai. Lambar da ke jikin tayar ita kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a zuba ba. Masu faci da yawa suna cika taya har 45 ko 50, da niyyar ta daɗe ba ta sauka ba, kuma taya mai wannan iskar tana sa lafiyayyar mota duka. Ka sayi naka ma'aunin, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Sannan ka shafa tafin hannunka a kan tayar, ka zagaye ta. In ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, an cinye ta wuri-wuri, to tayar tana dukan ƙasa tana tashi ne maimakon ta manne, kuma shokozobar wannan ƙafar ce ta sake ta. Wannan shaida ce mai ƙarfi. Ka tuna kuma tayar da ta riga ta ci haka za ta ci gaba da gurnani ko an sa sabuwar shokozoba.

Awon tsayi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa, alhali tef na awo kawai ake buƙata. Ka ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, dandamalin gidan mai ya fi filin gareji. Ka kwashe kayan but, ka daidaita iskar tayoyi. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda, a miƙe, a ƙafafu huɗu, ka rubuta. Ana aunawa daga tsakiyar wili ne ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ya ruɗe ka.

Hagu da dama su zo kusan ɗaya. In bambancin ya wuce santimita ɗaya da rabi, akwai magana: sifirin ya zauna, ko ya karye, ko robar da yake zaune a kai ta cinye. Ka nemi mota irin taka mai lafiya, mai inji iri ɗaya, ka auna ta ka kwatanta. A tashar Agege ko Obalende ba za ka rasa irinta ba. Daga nan ka sa mota ta ɗauki abin da ta saba ɗauka. In iyali ne, su shiga. In kana ɗaukar buhunan albasa daga kasuwar Mile 12, a ɗora. Sake aunawa, ka leƙa ka ga ko ƙafar baya ta zauna a kan robar tsayawa, wato ƙullin roba ko soso da ke hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe. In ta zauna a kai ko saura ƙiris, motar ba a kan sifirin take tafiya ba, a kan roba take, kuma kowane rami yana sauka ne kai tsaye a kan shokozoba. Sabuwar da za ka sa a haka ba za ta yi tsawon rai ba, komai tsadarta.

Waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da iskar gas tun bayan cire tallafin mai a 2023 su kula da wannan awon sosai. Tukunyar ƙarfen da ake ɗaurawa a but nauyinta ya kai na babban mutum, tana zaune can baya dare da rana. Tsohon sifirin da ya riga ya gaji ba ya jure ƙarin.

Gwajin dannawa da leƙen ƙasa

Ka dafa kusurwar mota a wuri mai ƙarfi, ka danna da nauyin jikinka sau biyu ko uku, ka saki tana ƙasa. Lafiyayyar ƙafa za ta taso, ta ɗan koma, ta tsaya. In ta yi lilo sau biyu ko fiye, shokozobar ta tafi. In kuma ta ƙi dannuwa sam, ta cije. Amma wannan gwajin matacciya kawai yake kamawa. Wadda ta rasa rabin ƙarfinta za ta iya wucewa a tsaye ta ba ka kunya a kan titi, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai. Wani gwajin da ke taimakawa: bayan tafiya a kan gargada, ka taɓa jikin kowace shokozoba da bayan hannu, kana kiyaye birki da salansa. Mai aiki tana da ɗumi. Wadda ta fi 'yar'uwarta sanyi sosai ba ta yin komai.

Sai a ɗaga mota, a tokare ta da ƙarfen tokara, ba jak kaɗai ba, ba bulo ba. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a saman shokozoba ba laifi ba ne. Mai da ya zubo ya yi layi har ƙasa, jiƙe, shi ne mutuwa. Duba sandar shokozobar mai ƙyalli, ko ta yi tsatsa, ƙuraje, ko ta lanƙwashe. Duba robar da ke rufe ta daga ƙura. In ta yage, yashi da ruwan ambaliya suna shiga su cinye bakin da ke riƙe mai. Bi sifirin da yatsa tun daga sama har ƙasa, domin ya fi karyewa a naɗin ƙarshe na ƙasa inda laka ke taruwa, kuma guntun yakan ɓuya a mazauninsa. Motocin tokumbo, wato na hannu, da suka fito daga yankunan Amurka da Kanada masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sun fi zuwa da wannan tsatsar. In ka ga naɗi biyu sun goge juna sun yi ƙyalli, sifirin yana haɗewa ne, ya gama aiki.

Ƙara kuwa sau da yawa ba ta shokozoba ba ce. Mahaɗan ƙafar mota irin su bushin, boljoyin, linkej da robar da ke saman shokozoba duk suna ƙwanƙwasa. A girgiza kowanne da ƙarfe a gani.

Ka san irin ƙafar motarka

Toyota Camry ta 1997 zuwa 2011, tun daga mai siririyar fitila har wadda ake kira Muscle, sifirin da shokozoba a haɗe suke a ƙafafu huɗu, sai an kwance ɗaya a kai ga ɗaya. Sienna a haɗe a gaba, a rabe a baya. Hiace da tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu suna da sandar murɗa a gaba, wadda ake iya ɗaga tsayinta da noti, da sifirin falle-falle a baya. Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, doguwarta tana da sifirin naɗi biyu a kowane gefe na baya, a-kori-kurarta kuma falle-falle.

Marsandi V-boot da 190 suna da nasu tsarin. Sifirin yana zaune daban, a kansa akwai roba mai kauri iri-iri, ana gane ta da ƙananan ƙullaye a gefenta, daga ɗaya zuwa huɗu a gaba. Yawan ƙulli, yawan kauri. Da su kamfanin ke daidaita tsayi, don haka in an sa masu ƙulli daban hagu da dama mota za ta karkace ba laifin sifirin ba. Doguwar V-boot kuma bayanta na mai ne da ke ɗaga kansa in an yi lodi, da wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu gas a ciki. In gas ɗin ya tsere, bayan motar ya yi tauri ya riƙa tsalle, kuma canza sifirin ba zai taɓa gyara shi ba, ƙwallayen ne za a sauya.

Haɗa su

In tsayi daidai yake, sifirin ba tsatsa ba karaya, ka bar shi, ka sa shokozoba irin ta asali. In ya zauna, a sauya su tare. Kullum bibbiyu, hagu da dama, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Sabuwa a gefe ɗaya da tsohuwa a ɗayan tana sa mota ta ja gefe in an taka birki a kan gargada.

Wurin da ake yawan faɗawa shi ne zaɓen sifirin da ido. Biyu za su yi tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, su shiga mazauni ɗaya, amma ƙarfinsu ya sha bamban. Camry mai silinda shida ta fi mai huɗu nauyi a gaba, sifirinta ya fi tauri. Ka sa na mai shida a mai huɗu, gaba ya ɗaga, shokozoba ta kasa riƙe shi in yana dawowa, sai lilo. Ka yi akasin haka, gaba ya duƙa ya riƙa dira. Ƙarfin sifirin yana bin kaurin ƙarfensa fiye da yadda ido ke zato: tsakanin mai kaurin milimita 12 da mai 13, in sauran komai ɗaya ne, bambancin tauri ya kai kusan kashi 38 cikin 100. Milimita ɗaya tak. Don haka ka tafi kasuwa da tsohon a hannu da lambar shasi mai harafi 17, a auna kauri da ma'auni, a ƙirga naɗi, a duba ɗigon fenti da kamfanoni ke sawa a jiki, domin launin nan shi ke nuna ajin ƙarfinsa. Tsawon tsohon kaɗai ba abin dogaro ba ne, tunda ya riga ya zauna.

In aikinka lodi ne kuma ka yanke shawarar sa sifirin mai ƙarfi, ko ƙara falle a bayan Hilux ko Hiace, to shokozobar asali ta yi masa kaɗan. Nemi wadda aka yi don nauyi. Ka sani kuma motar za ta riƙa duka in babu kaya. Wannan ciniki ne, kai za ka auna wanne ya fi maka. Haka nan sa shokozoba mai tauri a kan sifirin da ya gaji ba ya ɗaga mota. A kan gargada ma hana shi miƙewa take yi kafin rami na gaba ya zo, mota ta riƙa nutsewa tana duka.

Abubuwa uku ina roƙonka kada ka yarda a yi wa motarka. Kada a yanke sifirin, yana rage tsayi ya ƙara tauri, bakinsa kuma ba zai zauna daidai ba. Kada a gasa shi da wuta a miƙar, wuta tana kashe ƙarfen ne, zai sake zama ko ya karye kana cikin gudu. Kada a cusa guntayen roba ko taya tsakanin naɗi, suna tara wahala a wuri ɗaya. Maganar sifesa kuwa, wato abin da ake ƙarawa a mazaunin sifirin don mota ta ɗaga, na san dalilin da ya sa ake sa ta a garin nan, kowa yana tsoron ƙasan motarsa da ruwa. In sifirin yana da lafiya, 'yar ƙarama ta santimita biyu ba ta cika ɓarna ba. Mai kauri tana karkatar da shaft da boljoyin, kuma inda sifirin yake rabe tana sa shokozoba ta zauna a miƙe, ta riƙa bugun kanta duk lokacin da taya ta faɗa rami. Sifesa a kan mataccen sifirin ɓoye ciwo ce kawai.

A kasuwa

Tokumbo a kasuwar Ladipo ake samunta, sababbi kuma a can da kasuwar Trade Fair ta hanyar Badagry. Kamfanonin shokozoba irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar sauyawa a wajen kilomita 80,000, kuma motar da aka yanka aka kawo kayanta sau da yawa ta wuce haka. Ra'ayina, sifirin tokumbo marar tsatsa abin saye ne, amma shokozoba in da hali a sayi sabuwa ta gaske daga dilan da zai ba ka rasit ya karɓa in ta ba da matsala, domin jabu suna yawo a kwali mai kyau.

In tokumbon ce dole, ka tsayar da ita a miƙe, ka danna har ƙasa ka ja har sama sau da yawa. Ta riƙe hannunka tun daga farko har ƙarshe, ba inda za ta zurma fanko. Ja yakan fi dannawa wuya. Mai gas tana turo sandarta da kanta a hankali. Mai mai zalla ba ta yi, kuma ba aibi ba ne. Gwada biyun tare, su yi daidai. Duba jikinta da kyau: sabon fenti a tsohon ƙarfe, ko ɗigon walda a gefe, alama ce an huda an ɗura mai an toshe. Ka ce wa mai shago, "Oga, ba ni wadda ba a wanke ba," don wanki yana ɓoye yoyo.

Wajen ɗaurawa

Ka tsaya a wurin. Sifirin da aka matse yana riƙe da ƙarfin da zai iya karya hannu ko ya kashe mutum, saboda haka a yi amfani da abin matse sifirin na gaske, ba igiya ko waya ba. Na Marsandi ma sai da nasa na musamman mai shiga ta ciki. Kafin a ɗaura sabuwar shokozoba a tsayar da ita a danna a ja sau uku zuwa biyar, mai ya koma mazauninsa. Kada a kama sandar mai ƙyalli da filaya, tabo ɗaya ya isa ya yaga bakin ya jawo yoyo. Bakin sifirin ya faɗa cikin gurbinsa daidai. A sa sabuwar robar ƙura da robar tsayawa, kuɗinsu kaɗan ne, a duba robar sama da boris ɗinta tunda an riga an kwance.

Notin da ke ratsa bushin kuwa, kada a ƙarasa ɗaure shi mota tana rataye. A sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ɗaure. In an ɗaure a sama, robar tana zama a murɗe tun ranar farko, ta tsage da wuri, har ta ɗaga mota fiye da tsayinta na gaskiya.

Daga gareji ka wuce wurin alaimen, inda ake daidaita tsayuwar tayoyi, musamman in an taɓa ƙafar gaba. Bayan mako ɗaya ko biyu, sabon sifirin ya gama zama, ka koma dandamalin da ka yi awon farko ka sake auna ƙafafu huɗu, ka sa a bi notuna a ƙara ɗaurewa. Rubuta lambobin nan huɗu da adadin kilomita a takarda ka ajiye tare da takardun mota, ka maimaita awon a ƙarshen kowace damina.